Yadda Ake Gano Bakteriyar da ke Kashe Bishiyar Kanumfari

Kanumfarin da muke jefawa a zoɓo da kunun zaƙi da yajin mai jego, furen bishiya ne da aka tsinke tun bai buɗe ba aka shanya. Bishiyar ba ta ƙasarmu ba ce. Asalinta tsibiran Maluku ne a Indonesiya, daga baya aka kai ta Zanzibar da Pemba da Madagaska. Har yau Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa noman ta, ita ce kuma ta fi kowa cinye ta, don yawancin abin da take samu a sigarin kretek, taba da ake haɗawa da kanumfari, yake ƙarewa. Na zaɓi in koyar da aikin gano bakteriya a kan kanumfari ne saboda cutarsa da ake kira cutar Sumatra an bi diddiginta tun daga gona har zuwa ƙwayar halitta, kuma bakteriyar da ke haddasa ta tana da halin da ke kayar da mai gaggawa. Wanda ya iya kama ta, hanyar da ya bi za ta yi masa aiki a kan kirfa ko gyaɗar ƙamshi ko kimba.

Sunanta na yanzu Ralstonia syzygii subsp. syzygii. A cikin jijiyoyin ruwa na bishiya take zama, waɗanda ke ɗauko ruwa daga saiwa zuwa ganye, ta hayayyafa har ta toshe su. An bayyana cutar dalla-dalla a 1975, a 1985 masu bincike na Indonesiya da Birtaniya suka nuna cewa akwai bakteriya cunkus a jijiyoyin bishiyoyin da suka kamu, amma sai a 1987 aka ba da rahoton raino ta a faranti, wato ɗan faifan ɗakin gwaji da ake zuba wa abincin bakteriya. A 1990 aka raɗa mata suna Pseudomonas syzygii, a 2004 aka mayar da ita gidan Ralstonia, a 2014 kuma aka kasa jinsin gida uku. Ka riƙe waɗannan sunaye, don in ka nemi tsofaffin rubuce-rubuce da sabon suna kaɗai, rabin abin da aka rubuta zai wuce ka.

A gona

Ka shiga gonar da zaton cewa ba bakteriya ba ce. A itatuwan kayan ƙamshi, fangas da masu kama da shi su ne suka fi ɓarna, nesa ba kusa ba. Phytophthora cinnamomi, wadda yau ta addabi dubban nau'o'in tsirrai a duniya, a jikin kirfa aka fara gano ta a Sumatra a 1922. Mutuwar farat ɗaya da ta cinye kanumfarin Zanzibar da Pemba, masu bincike na shekarun 1950 sun ɗora ta ne a kan fangas Valsa eugeniae, mai rina itacen ya koma rawaya. A 2004 an bayyana wani fangas, Ceratocystis polychroma, a jikin kanumfarin da ke mutuwa a Sulawesi, tare da tsutsar wani ƙwaro mai huda kututture. Duk waɗannan, in ka hango daga bakin hanya, bishiya ce dai ke zubar da ganye tana bushewa. Ga fari, ga ruwan da ya kwanta wa saiwa, ga gara, ga bishiyar da masu tsinka suka kakkarya wa rassa fangas ya shiga ta raunin.

Cutar Sumatra daga sama take farawa. Ganyen ƙololuwa ya yi rawaya ya zube, ƙananan rassa su bushe daga baki, abin ya riƙa saukowa ƙasa. Wani lokaci ganyen yakan yanƙwane gaba ɗaya ya bushe a jikin reshe bai faɗo ba, sai ka ce wuta ce ta lashe shi. Manyan bishiyoyi masu ba da amfani ta fi kamawa, kuma daga bayyanar alama zuwa mutuwa yakan ɗauki wata 6 zuwa 18. Ka tambayi mai gonar wace bishiya ce ta fara, wacce ta biyo. Ka zana taswirar gonar a takarda, ko da muguwar zana ce. Cutar da ke bin saiwa ko ruwan ƙasa tana faɗaɗa ne daga wuri ɗaya, ko ta bi gangare. Wannan kuwa tsalle take yi, ta kama nan, ta ƙetare bishiyoyi da dama ta kama can, domin ƙwaro ne ke ɗaukar ta: Hindola fulva a Sumatra, Hindola striata a Java. Ƙananan ƙwari ne masu tsotson ruwan jijiya, 'ya'yansu suna gina ɗan bututu mai tauri na sinadarin alli a jikin ƙananan rassa su zauna ciki. Ka duba ƙarshen rassa ka nemi bututun. Samunsa ba hujja ba ne, amma yana ƙarfafa zato.

Wajen ɗaukar samfur ne yawancin aiki ke lalacewa tun ba a isa ɗakin gwaji ba. Manomi zai kai ka wurin bishiyar da ta fi mutuwa, don ita ta fi ba shi takaici. Ka yi masa jaje, amma kada ka yanki komai a jikinta. Busasshen reshe ya riga ya zama gidan masu cin mushe, wato bakteriya da fangas da ba su kashe bishiyar ba, gawa suka tarar suka hau ci. Abin da kake nema shi ne bishiyar da ta fara nuna alama, reshen da rabinsa ke da rai. Ka yanko mai kaurin ɗan yatsa, tsawon santimita 20 zuwa 30, daga inda ciwo ya yi iyaka da lafiya. Ka haɗa da guntun saiwa. Sannan ka je wurin bishiyar da take garau, nesa da masu ciwo, ka yanko irin wannan reshe, domin ba za ka san abin da ya saɓa ba sai ka ga yadda lafiyayye yake. Tsakanin kowace bishiya da wata ka goge almakashi da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, kada kai da ka zo bincike ka zama mai yaɗawa.

Ka naɗe kowane samfur a jarida, ka sa a leda, kada ka yayyafa ruwa. Ka rubuta lamba da fensir a takarda ka jefa ciki, tawadar biro tana narkewa da laima. A kula mai ƙanƙara za ka ɗauko, amma ƙanƙarar kada ta taɓa itacen, kuma ya isa ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya ko biyu. In a ƙasar waje kake karatu, a can za ka gama aikinka. Reshe mai ciwo ko farantin bakteriya ba tsaraba ba ne, ba a shigo da su Najeriya sai da izinin hukumar killace amfanin gona, NAQS.

Filaya, kofin ruwa, madubi

Kafin ka bar gonar akwai gwajin da ba ya buƙatar komai sai wuƙa da filaya. A hannun wani ma'aikacin gona na fara ganin sa, a Yammacin Sumatra, lokacin da nake karatu a ƙasar. Ya fere ɓawon reshen da farko, ya nuna mini ratsi-ratsi masu launin toka zuwa ƙasa-ƙasa suna bin tsawon ɗanyen itacen. Sai ya yanke reshen a karkace, ya goge fuskar yankan da gefen rigarsa, ya kama da filaya kamar faɗin yatsa ɗaya daga bakin, ya matse a hankali. Da farko ba komai. Can sai ga ƙananan ɗigo masu kauri, kalar madara da ɗan duhu, suna ɓulɓulowa a zagaye, daidai zoben itacen da ke ƙarƙashin ɓawo. Ba daga ɓawon suka fito ba, ba kuma daga tsakiya ba. Ya matsa reshen lafiyayyar bishiya haka nan, ruwa garai-garai ne ya ɗan jiƙa bakin, shi ke nan. Ka lura da inda ɗigon ya fito fiye da yadda ka lura da launinsa. In bai fito nan take ba, ka sa guntayen a leda mai ɗan laima su kwana, da safe sau da yawa za ka tarar ya taru da kansa.

Gwajin kofi kowa ya san shi a littafi. A cika kofin gilashi da ruwa mai tsabta, a rataya yankakken kara bakinsa na cikin ruwa, kada a motsa. In jijiyoyin cike suke da bakteriya, cikin 'yan mintuna za ka ga farin zare yana saukowa daga bakin karan. Wannan kana iya koyonsa a gida, domin 'yar uwar wannan bakteriya, daga dangin Ralstonia solanacearum, tana kama tumatir da barkono da dankalin turawa a ƙasarmu. Ka nemi tumatirin da ya yanƙwane ganyensa na kore shar, ka yanke kusa da gindi ka gwada. Sai dai kada ka zaci itace zai ba ka abin da tumatir ya ba ka. Karan tumatir taushi gare shi, zaren yakan fito da yawa. A kanumfari yakan zo siriri, ko ya ƙi zuwa ko da cutar na nan. Wasu itatuwan kuma ruwan jikinsu ne zai ruɗe ka: gyaɗar ƙamshi in aka sare ta jan ruwa take fitarwa tana cikin ƙoshin lafiya, ɓawon kirfa yana da yauƙi, ayaba da mangwaro suna da ƙaro. Shi ya sa ka ɗauko lafiyayyen reshe.

Madubin likita ne ke raba gardama. Ka yanko siririn yanki daga inda ratsin yake da sabuwar reza, ka ɗora a ɗigon ruwa a kan gilashi, ka rufe, ka rage haske, ka duba a ƙarfin 100 sannan 400. Ka kai idonka bakin jijiyar da reza ta yanke. In bakteriya ce, za ka ga hazo yana kwararowa daga bakin, ƙwayoyi ƙanana masu girma ɗaya, ba iyaka. Ɗigon mai da ƙwayar sitaci girmansu ya bambanta, wani babba wani ƙarami, kuma suna ƙyalli. In zaruruwa ka gani masu rassa suna ratsa itacen, fangas ne, ka sauya hanya. Ni in ban ga wannan hazo ba, ba na ɓata faranti a kan neman bakteriyar jijiya. Komawa gona nake yi in sake samfur.

Faranti

A nan ne maganar take. Ka wanke guntun reshe da ruwa, ka tsoma shi a sifirit, sannan a ruwan bilic mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 na minti ɗaya ko biyu. In kwalbar bilic ɗinka an rubuta 3.5, awo ɗaya na bilic da awo biyu da rabi na ruwa zai ba ka haka. Ka ɗauraye sau uku da ruwan da aka dafa a tukunyar matsi, digiri 121 na minti 15. Ka fere ɓawon da wuƙar da ka ƙona, ka yar.

Kada ka niƙa itacen. Littattafai da yawa za su ce a daka samfur a ɗan turmi, kuma ga ganyen wake ko kabeji babu laifi. Amma kayan ƙamshi ƙamshin nan nasu makami ne. Man kanumfari kashi 70 zuwa 90 cikin 100 nasa sinadarin eugenol ne, wanda ke kashe bakteriya, shi ya sa ake sa shi a haƙori mai ciwo. Kirfa ma tana da nata. Ga kuma sinadaran itace da ke yin baƙi da zarar sun sha iska. In ka niƙa, ka saki duk wannan a kan abin da kake son rayawa. Gara ka matso ɗigon nan da filaya mai tsabta ka ɗauke shi kai tsaye da zoben waya, ko ka yanka 'yan ƙananan ɓarɓashi daga gefen ratsin ka jiƙa a ruwa mililita 1 ko 2 na minti 15 zuwa 30, bakteriyar ta fito da kanta. Ka tsarma ruwan ninki goma, ka sake tsarma wannan ninki goma, ka shafa kowanne a farantinsa. Sau da yawa wanda aka fi tsarmawa shi ke ba da faranti mai kyau.

Kada ka dogara da abinci iri ɗaya, tunda ba ka san wa za ka tarar ba. Na Kelman, wanda Arthur Kelman ya fitar a 1954, shi ne na dangin Ralstonia: a lita ɗaya ta ruwa, peptone giram 10, casamino giram 1, gulukos giram 5, aga (garin da ke daskarar da abincin) giram 17, a dafa, in ya huce zuwa wajen digiri 55 a zuba mililita 5 na ruwan tetrazolium mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Ralstonia ta tumatir ko citta a kansa cikin awa 48 take fitowa, fara, mai malala, tsakiyarta ruwan hoda. Ka haɗa da abincin King's B, wanda dangin Pseudomonas masu ƙyalli ke haskawa a kai in an haska fitilar UV, da YDC, inda Xanthomonas ke fitowa rawaya mai sulɓi. Ga kanumfari kuma lallai ka ƙara abincin casamino mai ɗan gishirin ƙarfe, ko abincin PW da aka ƙirƙira don bakteriyar jijiya masu tsirfa, domin ita wannan ba ta son abinci mai nauyi. Ka kifa farantan, ka liƙe bakinsu kada su bushe, ka ajiye a digiri 28. Kada ka ce zafin ɗaki ya isa. Ɗakin gwaji a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu yana iya kai wa digiri 40, a lokacin hunturu kuma dare ya yi sanyi. In wuta ba ta tsayawa, ka nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a bazara, ka ajiye ma'aunin zafi kusa da farantan kana rubutawa safe da yamma.

A rana ta biyu za ka buɗe ka ga faranti ya yi kyau: ɗigo manya, wasu rawaya masu sheƙi, wasu farare masu faɗi, wasu masu gefe kamar an yayyaga. Ɗalibi yakan yi murna a nan, ya ɗauki mafi girma ya tsarkake, ya wanke sauran farantan, ya shafe wata uku yana gwaje-gwaje a kan Pantoea ko Bacillus da ke zaune a jikin kowace bishiya, mai ciwo da mai lafiya. Sauri ya haifi nawa ke nan. Bakteriyar cutar Sumatra a rana ta biyu ba ta ma nuna alamar tana wurin ba. Sai an kai mako guda, wani lokaci fiye, za ka karkata farantin wajen taga ka ga wasu mitsi-mitsin ɗigo a tsakanin manyan, masu haske, da yawansu ba su wuce milimita 1 ba, suna bin layin da zoben waya ya ja. Wannan jinkiri na cikin abin da ya sa aka daɗe ana ganin ta a madubi ba a kama ta a faranti ba. Don haka ka sa wa manyan alama da maka a bayan farantin tun rana ta biyu, ka mayar, ka riƙa dubawa kullum har kwana 12. Duk abin da ya fito daga baya, da yawa, iri ɗaya, a farantan masu ciwo, babu shi a farantin lafiyayye, shi za ka bi.

Akwai lissafin hankali da zai taimake ka. A madubi ka ga jijiya cike da ƙwayoyi ba iyaka. In a faranti ɗigo bakwai ne kawai suka fito, kowanne da kalarsa, to abin da ka gani a madubi bai fito ba tukuna, ko abincin bai karɓe shi ba. Mai haddasa cuta a sabon ciwo rinjaye yake yi.

Ka ɗauki ɗigo guda ka sake shafawa a sabon faranti, ka maimaita har sau uku, sai ka tabbata iri ɗaya ne tsantsa. Ka adana nan take. Ralstonia ta tumatir tana shekaru a kwalbar dafaffen ruwa a zafin ɗaki, firji ne ma ba ta so. Mai jinkirin nan kuwa kada ka yi caca da ita, ka sa a gilisarin ka daskarar a digiri 80 ƙasa da sifili in akwai hali.

Gwaje-gwajen tebur

Mafi arha kuma mafi daɗin yi shi ne na KOH, wato sinadarin potassium hydroxide. Ka ɗiga ruwan KOH mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 a gilashi, ka ɗebo bakteriya da tsinken sakace mai tsabta, ka dama na 'yan daƙiƙu, ka ɗaga tsinken a hankali. In zare ya biyo shi, irin yauƙin miyar kuɓewa, kafin minti ɗaya, to bangon ƙwayar ya fashe, ƙwayar halittarta ce ke jan zaren, bakteriyar Gram-negative ce, ɗaya daga manyan rukunai biyu na bakteriya. Yawancin masu cutar da tsirrai haka suke: Ralstonia, Xanthomonas, Pseudomonas, Pectobacterium. In ruwan ya tsaya tsululu ba zare, Gram-positive ce, kuma a reshen kanumfari wannan galibi Bacillus ne, ka ajiye shi gefe. Sharaɗi dai bakteriyar ta kasance sabuwar shuka, kuma ka ɗebo da ɗan yawa. Ga mai ƙananan ɗigo sai ka kankaro daga inda suka yi kauri.

Sai oxidase: ka shafa bakteriyar a takardar da aka jiƙa da sinadarin Kovacs, in ta koma shuɗi mai duhu cikin daƙiƙa 10, ta amsa. Ralstonia tana amsawa, Xanthomonas ba ta yi ko ta yi a makare. Da tsinke za ka shafa, wayar ƙarfe tana ba da amsar ƙarya, kuma kada ka ɗebo daga farantin tetrazolium. Gwajin Hugh da Leifson, kwalba biyu ɗaya an rufe da mai, yana raba masu buƙatar iska da dangin Pantoea da Pectobacterium da ke iya cin sukari ba iska. Yankan ɗanyen dankalin turawa yana tona masu ruɓarwa cikin kwana guda. In ɗigonka ya yi ƙyalli a King's B, ka bi jerin gwaje-gwaje biyar na dangin Pseudomonas da ake kira LOPAT, na 1966, amma ka san ka bar hanyar Ralstonia. A ɗigon ruwa ƙarƙashin madubi, ta cutar Sumatra ba ta iyo. Waɗannan duka gida suke nuna maka, ba sa ba ka cikakken suna, kuma bakteriya mai jinkiri takan ba da amsa mai rauni a gwajin sukari har ka zaci ba ta amsa ba. Ban cika ɓata lokaci a kansu ba.

Ganyen taba ya fi su amfani. Ka dama bakteriyar a dafaffen ruwa har ya yi ɗan gauraye, kimanin ƙwaya miliyan 100 a mililita, wato wajen 0.1 a na'urar auna gauraye a tsawon haske nanomita 600. Ka ɗauki sirinji ba allura, ka danna bakinsa a bayan ganyen, yatsanka na tare ta gaba, ka tura a hankali har ka ga ruwa ya bazu tsakanin jijiyoyi biyu. Ka zagaye wurin da maka. A wani gefen ka tura ruwa zalla. In cikin awa 24 wurin ya faɗa ya bushe, na ruwa kuma yana nan kore, to bakteriyarka tana da kayan yaƙi da tsirrai. Masu cin mushe ba sa yin haka. Amma bai ce ita ta kashe kanumfarin ba, kuma rashin amsa ba ya wanke ta.

Abin da ke tabbatarwa shi ne sharuɗɗan Robert Koch, waɗanda tun ƙarshen ƙarni na 19 ba a samu abin da ya maye gurbinsu ba: ka same ta a duk mai ciwo, ka raine ta ita kaɗai, ka sa wa mai lafiya ya kamu da irin ciwon, ka sake ciro ta daga jikinsa. Ka nemi dashen kanumfari masu lafiya, aƙalla goma, ka ɗiga ruwan bakteriyar a kan kara ka soka allura ta cikin ɗigon har ta taɓa itace, jijiyar ta shanye. Wasu goman ka yi musu haka da ruwa zalla. Duka a ɗakin raga, kada ƙwaro ya shigo ya kawo maka cutar daga waje ko ya fitar da ita. Tumatir cikin mako ɗaya ko biyu yake ba da amsa. Kanumfari watanni zai ɗauka, saboda haka in aikin digiri ne, ka fara wannan tun farkon zango, sauran gwaje-gwaje su biyo baya kana jira. Mataki na ƙarshe, sake cirowa, shi aka fi tsallakewa don an gaji. Dashe yana iya mutuwa saboda raunin allura ko yawan ban ruwa, sai ka sake ganin mitsi-mitsin ɗigon nan daga jikinsa kafin ka ce ita ce.

PCR, gwajin da ke ninka wani yanki na ƙwayar halitta har a gan shi kamar layi, ya rage wahala ƙwarai, amma ka san iyakar kowane mataki. Firaima 759 da 760, wato guntayen da ke zaɓar yankin da za a ninka, suna ba da layi mai tsawon harafin ƙwayar halitta wajen 280 ga duk dangin Ralstonia solanacearum. Haɗin Fegan da Prior na 2005 yana raba su reshe huɗu: na ɗaya, na Asiya, 144, na biyu, na nahiyar Amurka, 372, na uku, na Afirka, 91, na huɗu, na Indonesiya, 213. Bakteriyar kanumfari a na huɗu take. Sai dai a nan ma take da 'yan uwa biyu, celebesensis mai haddasa cutar jini a ayaba, da indonesiensis mai kama tumatir da barkono, wadda ita ma an taɓa ciro ta daga jikin kanumfari. Layin 213 bai raba su ba, karanta ƙwayar halitta ta 16S ma ba zai raba su yadda hankali zai kwanta ba. Sai ka karanta ƙwayar halitta ta egl, ka haɗa da abin da idonka ya gani: indonesiensis cikin kwana biyu ko uku take malala a farantin Kelman, taka kuwa sai da ta sa ka jira mako. In daga itace kai tsaye za ka yi PCR, sinadaran itacen suna hana shi aiki, ka tsarma ruwan ko ka sa sinadarin PVP, kuma ka zuba sananniyar bakteriya a ɗaya daga cikin samfuran don ka gane ko rashin layi rashin cuta ne ko toshewa. 'Yan tsinken gwaji na nan take da ake sayarwa don Ralstonia suna da amfani a gona wajen tace samfur, amma ba na rubuta suna a rahoto da su kaɗai.

Rahoton kuwa ka rubuta shi daidai inda ka tsaya. In madubi da KOH ka yi, ka ce an ga bakteriya Gram-negative a jijiyoyin ruwa. In ka kai PCR, ka ce dangin Ralstonia, reshe na huɗu. Kalmar "ita ce ke haddasa cutar" sai bayan dashe ya kamu an sake ciro ta. Manomi dai ba sai ya jira watannin nan ba. Da zarar filaya da madubi sun nuna bakteriya a jijiya, ka gaya masa ya daina kashe kuɗi a kan maganin fangas, ba zai taɓa ta ba. An gwada ɗura oxytetracycline a kututture a shekarun 1980, alamun suka lafa na ɗan lokaci, amma bishiyar ba ta warke ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya sare waɗanda suka kamu ya ƙone, ya yi feshin Hindola a waɗanda ke kewaye kafin saran don kada ƙwarin su watse zuwa masu lafiya, ya riƙa goge adda da almakashi, kuma kada ya ɗauki dashe daga yankin da cutar take ya kai sabuwar gona.